Madubin Yuro Ɗari Uku

A Kajaani, cikin Nuwamba, rana ba ta zama,
leƙowa take kamar wadda ake bi bashi, ta ɓace.
Ƙarfe biyu da rabi na tura ƙofar shagon Ilmari,
da gangan, don haske ya soma tsufa.
Wanda ya koya mini harbi ya sha faɗa:
"Tuovi, da hantsi kowane gilashi gwani ne,
sai almuru ake gane mai gaskiya."

Shekara talatin da ɗaya ina huda takarda,
ko jinin zomo ban taɓa zubarwa ba.
Ni da ƙarfen saiti da idon dama, mun ishi juna.
Bana sai baƙin ɗigon ya fara narkewa,
ya zama biyu, ya zama hayaƙi.
Likita ya ce ba cuta ba ce, shekaru ne.

Yuro ɗari uku na dunƙule cikin safar hannu,
kuɗin 'ya'yan itacen daji da na tsinko da kaka,
bokiti-bokiti, sauro na cin rabonsa a wuyana.

Na farkon da ya miƙo, dubu biyu da ɗari huɗu.
Na kara shi a ido ta taga:
hankaka can hayin kogi, bisa rufin coci,
har ƙanƙarar da ke gashin wuyansa na ƙirga.
Na ajiye shi a hankali, kamar jaririn mutane.

Na ce, "Ba duniyar wata zan leƙa ba.
Mita hamsin nake so ran Laraba a zauren ƙungiya,
da mita ɗari uku ran Asabar a tsohon ramin tsakuwa,
inda iska ke zuwa ba sallama.
Kuma jikata Venla za ta ɗora nata idon.
Bindiga ɗaya gare mu, kafaɗa biyu."

Na biyu yuro casa'in, kwali sai sheƙi,
wai yana kusanto da abu sau ashirin da huɗu.
Tsakiya tas, gefe kuwa bakan gizo.
Na murɗa maɓallinsa, lagwaf,
kamar burodin da ya kwana a madara.
Araha dai ba ta ado.

Sai ya durƙusa, ya jawo wani daga ƙasan kanta,
na hannu, da tabo kusa da wuya,
na wani ma'aikacin gidan waya da ya koma kudu.
Daga huɗu zuwa sha biyu, ba ƙari.
Zare biyu siraran sun gitta, ba kwalliya.
Na murɗa: ƙas, ƙas, ƙas,
kowane taku na faɗin sunansa.
Na fita da shi cikin sanyi minti goma,
na dawo ɗumi, na goge bayansa;
cikinsa bai yi gumi ba.
Hankakan ya tashi, amma na ga inda ya taka.

Ɗari uku da arba'in.
A garinmu ba a ciniki da baki, da shiru ake yi.
Na yi shiru. Ya yi shiru. Agogon bango ya sa baki.
Can ya ce, "Kina dafa su da sukari har yanzu?"
Kwalba biyu ta cike gibin,
ya ɗora mini zobban ɗauri kyauta.

Ran Asabar harsashin farko ya faɗi ƙasa, hagu.
Taku shida sama, huɗu dama.
Na biyar ya shiga baƙi.
Na zauna da ɗigon nan ido da ido
kamar ƙawar da ta dawo daga doguwar tafiya.

Venla ta karɓa, ta juya zoben ya dace da idonta,
ta zuba uku a rami guda,
ta miƙo mini ba ta ce komai ba.
Sai da na sake murɗa zoben, da nisa,
kafin duniya ta dawo daidai da nawa.