Kumfa Biyu

Ƙarfe biyar na asuba a Todmorden,
ruwa na zuba tun shekaranjiya bai gaji ba.
Na tsaya gaban madubin banɗaki
ina ƙirga baƙin da suka kwana a haɓata:
uku sababbi, ɗaya tsoho mai jan ido
wanda ya ƙi tafiya tun bikin ƙanwata.
Shekara talatin da huɗu gare ni.
An ce kuraje na 'yan makaranta ne,
to ni wace makaranta ce ta ƙi sallamata?

Nasreen mai kantin magani ta ba ni shuɗiyar kwalba.
Ta ce, "Tamsin, kamar ƙwayar wake za ki matso,
ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba,
kuma kada ki dirza kamar mai kankare tukunya.
Sai an yi sati shida za ki kawo mini ƙorafi."
Yau sati biyu da kwana uku.
Na murza, kumfa ta tashi fara sol,
tana warin asibiti da ɗan lemun tsami.

Daga nan sai tsohuwar masaƙa a bakin kogi,
inda ƙarar injin zare ta kurmantar da kakata.
Yanzu tukwanen ƙarfe ne a wurin, guda huɗu,
Wilf Greenwood ya raɗa wa kowacce suna.
Ni ke juya sha'ir a ruwan zafi,
tururi ya lulluɓe ni har gira,
zufa da ƙaiƙayi su toshe ƙofofin fata.
Abin da na kora da asuba
kafin hantsi ya dawo da 'yan'uwansa.

Wilf ba ya sa kifi a giyarsa.
Baƙi sukan yi dariya: wa ke sa kifi a giya?
Kusan kowa, in ji shi, tun kaka da kakanni.
Jakar iskar cikin kifi ake busarwa, a jiƙa,
a zuba a ganga, ta janye laka zuwa ƙasa,
giya ta fito garau kamar idon mage.
Shi kam ya rantse, tun ranar da 'yarsa ta bar cin nama:
ba kifi, ba madara, ba ko zuma.
Sha'ir, ruwan tudu, yisti, furen ɗaci. Shi ke nan.
Don haka tamu takan fito kamar ruwan tsari,
ka ɗaga kofi ba ka hango yatsanka ta baya.

Daren Juma'a ni ce a bayan kanta.
Wani mai hular ulu, Clive ne ko Clyde,
ya ɗaga kofinsa ga fitila, ya yamutsa fuska.
"Wannan ba ta kwanta ba. Canja mini."
Na ce haka take, ba abin da ya same ta.
Ya dubi kofin, ya dubi haɓata,
ya sake duban kofin.
Na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.
Wilf daga can, ko waiwaye bai yi ba, ya ce,
"Da baki ake shanta, malam."
Mutumin ya kurɓa. Ya yi shiru.
Bai ce ta yi daɗi ba,
amma sau uku yana dawowa, ya bar mini canji.

Sha biyu saura na rufe famfo, na goge kanta.
A gida hannuna na ƙanshin furen ɗaci.
Ƙwayar wake guda, ruwa mai ɗumi.
Na kusa matse babban, yatsu har sun kama hanya,
sai na tuna gangar da Wilf ya hana ni taɓawa,
wai girgiza ce ke ɓata ta,
a bar ta ta ci kwanakinta.
Na sauke hannu.
Na ɗauraye, na danna tawul a hankali.
Sati biyu da kwana uku,
a'a, huɗu, agogon coci ya riga ya buga.
Tsohon mai jan ido yana nan daram.
Na ce masa sai da safe, na kashe fitila.