Na Biyun Ya Fito

Shekara biyu ina jira,
har na daina leƙa rumfar Malam Hali ta Mabera.
Ran Talata ya yafito ni da hannu:
"Ga abin da kaka biɗa, yaro.
Naira ɗari, kwana biyu,
kada ka lanƙwashe mini shafi."

Da dare wuta ta ɗauke.
Zafin bazara ya koro mu tsakar gida,
kowa ya baje a tabarma yana fifita,
ni ko na kifa ciki da fitilar waya
na sake gamuwa da su:
Ige mai kunnen zomo,
Sahabi mai tsoron kare,
Marwana da ba ya fita ba alƙalami a aljihu.

Farkonsa dai, sai jinjina.
Gadar Rima da asuba,
takalmi ɗaya a kan tsandauri,
maigadin majema ya ɓace
ya bar shayinsa bai huce ba.
Na ji warin fata da bagaruwa
kamar shafin ne aka jeme.
Sauro ya ci ni ya ƙoshi, ban kore shi ba.

Kuma yaran sun girma, na yaba.
Ige ta nuna mutum da yatsa a bainar jama'a,
ashe ba shi ba ne.
Tafiyar da ta yi ita kaɗai zuwa Gawon Nama
don ta durƙusa ta ba shi haƙuri,
tsohon ya ƙi ko ɗaga kai daga ɗinkin da yake yi,
wannan ta fi mini duk guje-gujen da ke ciki.
A na farko ba ta taɓa kuskure ba,
a nan ne ta zama mutum.

To, daga nan tuwo ya fara ruwa.
Babi huɗu ana tuna mini abin da na sani,
kamar mai ba ka labarin sunan da kai ka raba goronsa.
Sai ga wani ɗan kawu daga Abuja
da wayar da cajinta ba ya ƙarewa,
ko wace ƙofa ya san makullinta.
Marwana fa? An aika shi ƙauye gaida kaka,
bai dawo ba sai da aka gama.
Ban yafe wannan ba.

Mugun kuwa, tun shafi na arba'in na gane shi.
Duk inda ya wuce sai an ce ƙamshin turare,
sau bakwai, na ƙirga.
Wanda ya ɓoye akuya ya bar igiya a waje
ai bai ɓoye komai ba.
Da aka kama shi a bayan Tsohuwar Kasuwa
sai ya gyara zama ya yi shafi shida yana ba da bayani,
ba mari, ba ko tsawa.
Wane ɓarawo ne haka a garin nan?

Duk da haka ban ajiye ba.
Ladan ya yi kiran farko ina shafin ƙarshe,
inda Sahabi ya tsaya gaban karen majema,
gwiwa na rawa, bai gudu ba.
Na yi dariya ni kaɗai har Inna ta motsa.
Sai wasiƙa ta faɗo ta ƙarƙashin ƙofa,
ba suna, ba sa hannu,
a ƙasa an rubuta: mu haɗu a na uku.

Da na mayar, Malam Hali ya duba gefen shafuka.
"Yaya ka gan shi?"
Na ce bai kai yayansa ba.
Ya ce, "To, in cire sunanka daga masu jiran na gaba?"
Na tura masa ɗari biyu,
na ce ya sa ni a farko.