Jarumin da Aka Bari a Tsakiyar Kogi

A Kiangan, inda gonakin shinkafa suka hau dutse
hawa-hawa, kamar tsanin da aka jingina wa gajimare,
kakata Ginamay ce mai jan baki ranar girbi.
Ita ta ɗauko, mata su amsa,
'yar wuƙa a tafin hannu, taɓo har ƙwauri,
zangarniya ɗaya, baiti ɗaya.

Labarin ya fi yini tsawo.
Rana takan faɗi jarumin bai gama ɗaura ɗamara ba.
Mu yara mukan ƙosa:
"Apu, yaushe za a gwabza?"
Sai ta tofar da jan yawu, ta ce,
"Mai gaggawa ya je ya girbi ɗanya."

Ko baƙi ɗaya ba ta sani ba.
Amma duk ƙauyen da mashi ya ratsa,
duk tulun da aka buɗe ranar sulhu,
suna jere a ƙirjinta kamar dami a rumbu.

Ina da sha bakwai na tafi Manila.
Kwalar riga nake ɗinkawa, ɗari huɗu a yini,
har ƙarar keke ta cinye mini amshi.
In ta kira ta wayar maƙwabta
sai in ce ina sauri.

Bana, an ce, ta kai jarumin tsakiyar kogi,
ruwa iya wuya, garkuwa a ka,
sai tari ya sarƙe ta.
Ta zauna bakin gona, ta ce, "Gobe."
Matan suka koma gida da amshi a baki.
Goben ba ta same ta ba.

Dare guda na yi a mota.
Na tarar da su zaune kewaye da ita, wuta na ci, ba mai magana.
Tsohuwa Immaya ta ce, "Mu amshi muka iya.
Ke ce kike barci a bayanta
tun ba ki da haƙori."

Na buɗe baki.
Murya ta fito da tsatsar birni.
Na ɓata sunan wani ƙauye,
wani dattijo ya buga sanda, na gyara.
Na tsallake tsaunuka biyu, kowa ya ji, ba wanda ya tanka.
Sai amshin ya taso ta bayana,
muryoyi goma sha, duk sun dusashe,
suka tallafe ni kamar mai koyon tafiya.
Kafin zakara ya yi cara
jarumin ya sa ƙafa a gaɓa.

Iyakar abin da na tuna ke nan.
Yana can tsaye, ruwa na ɗiga daga gashinsa,
yana dubana, wace hanya?
Hutuna Litinin zai ƙare.
Immaya ta ce akwai wata tsohuwa a Hungduan,
kurma ce, amma ta san sauran.