Matakala Ɗari da Goma Sha Biyu

Gidanmu na kan tudu a Valparaíso,
matakala ɗari da goma sha biyu daga bakin titi.
Eleuterio yakan haye su da kwandon kifi a kafaɗa,
yana fito, yana tsokanar karnukan maƙwabta.

Sai shekarar da ya fara tsayawa a ta arba'in,
wai yana kallon jiragen ruwa.
Sai a ta ashirin.
Ƙafafu suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga,
matashi uku a bayansa kafin barci ya yarda ya zo.

Ni Herminia na san wannan zuciyar.
Shekara talatin da ɗaya kunnena na kanta.
Takan zabura kamar akuyar da aka koro,
ta yi tuntuɓe, ta yi tsit,
in riƙe numfashi ina ƙirga,
sannan ta dawo kamar ba ita ba.

Suka dasa masa 'yar na'ura a ƙarƙashin fata.
Ranar da ta harbe shi muna cin abinci,
cokali ya yi sama, miya a bango.
Ya ce, "Jaki ya shure ni a ƙirji,"
ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Wata goma sha huɗu waya na kwana kusa da kaina.
Me ake roƙo a irin wannan jira?
Ban taɓa ƙarasa addu'ar ba,
don na san sauran kwanan mijina
na cikin ƙirjin ɗan wata, yana yawo da su.

Kiran ya zo ƙarfe biyun dare, ana ruwa.
Maƙwabta huɗu suka sauko da shi a kan kujera.

Yanzu in na ɗora kunne, baƙuwa nake ji.
Ba ta tuntuɓe. Sauri take, daidai wa daida,
kamar ma'aikaciyar da ba ta san kowa a gari ba.
Likita ta ce an yanke jijiyoyin da ke kai mata labari:
in ya tsorata, sai daga baya take ji,
in ya fara hawa, takan makara kafin ta biyo.

Ƙwayoyi safe da dare
don kada jiki ya kori baƙuwarsa.
Ba a faɗa mana sunan mai ita ba.
Nakan kunna kyandir don uwar da ban sani ba.

Jiya ya kai ta saba'in,
ya dafa bango, ya ce,
"Mu ɗan jira ta, tana tafe."
Muka tsaya muna kallon jiragen ruwa,
da gaske wannan karon.