Makullan da Ba Nawa Ba

Ran Talata alƙali ya kira ni,
ya ce, "Kai ba dangin miji ba ne, ba na mata ba,
riƙe wannan har mu gama."
Makullai huɗu a zaren roba,
da takarda mai tambari shuɗi:
dukiyar Mutari da Tsahara
ta kwana a hannuna har shari'a ta yanke.

Na sayi littafi a Kasuwar Dole, dala hamsin,
na zauna na rubuta:
injin niƙa ɗaya, bel ɗinsa ya tsufa;
firigo biyu na ƙanƙara, ɗaya na tari da dare;
kurar ruwa da jarka goma sha biyu;
jar akuya mai ciki;
fili a hanyar Mirriya, an kafa dutse a kusurwa uku,
ta huɗun ba wanda ya tuna.

Mutari ya zo bayan isha'i,
ya tsaya inda fitila ba ta kai ba.
"Firigon nan kuɗin fata ne," in ji shi,
"shekara bakwai ina cikin ruwan bagaruwa a majema."
Ya miƙo hannu. Gaskiya ne, har gwiwa ya rine.
Wai akwai mai saye daga Tanut, gobe-gobe.
Na ce, "Makullin aro ne, ban da ikon ba da shi."
Ya ajiye goro ya tafi.
Da safe na aika yaro ya mayar masa.

Tsahara da rana tsaka ta zo,
lokacin da duwatsun Birni ke gasa ƙadangare.
"Injin nan adashina uku ne,
da ɗan kunnen da uwata ta bar mini.
Sunansa ke kan takarda
don ranar da aka saya ina jego."
Abin da na faɗa masa shi na faɗa mata,
ban ƙara gishiri ba.
Ta dube ni kamar ni na rubuta sakin.

Shi inji bai san an rabu ba.
Hatsi yake ci, gari yake tofarwa,
matan Zengo na jere da ƙwarya kamar jiya.
Kowace yamma ina ƙirga:
jika biyu da dala talatin,
a cire gazuwal, a cire ladan yaro, a cire kuɗin wuta,
a ware cefanen yara uku da alƙali ya yanka,
saura ya shiga gwangwani, gwangwani ya shiga akwati.
Unguwa ta ce na yi ƙiba.
Matata ta ce na rame.

Daren Alhamis akuya ta haihu, biyu.
Littafi kuwa akuya ɗaya ya sani.
Na taka har gidan shari'a da tambaya,
magatakarda ya yi dariya har ya cire tabarau,
ya ce, "Rubuta, Malam, rubuta kawai."
An ɗaga zama sai bayan Sallah.

Da na dawo na tarar da Habsu, autarsu,
ta hau jarka tana leƙe ta katanga.
Har ta raɗa musu suna,
mai farin goshi da mai kunne a karye.
Ta ce, "Baba mai makulli,
in an kai ɗaya gidan Inna, ɗaya gidan Abba,
wa zai bi da uwar?"

Na buɗe littafin, na juya shafi, na sake juyawa.
Na ce ta sauko kar ta faɗi.

Dusar yau daga aljihuna ta fito, dala ashirin.
Tun magariba alƙalami ke hannuna,
ban san ko in rubuta ta ba.