Jirgin Bakwai Saura Kwata

Jirgin bakwai saura kwata daga Toyohashi.
Ina tsaye, hannu ɗaya a madauri,
ɗayan riƙe da katuna a zoben ƙarfe:
gaba Turanci, baya harshenmu.
In juya, in manta, in sake juyawa.

Shekarata hamsin da uku.
Ashirin da tara a ciki na yi su ina awon ƙwallayen ƙarfe
masu sa keke da injin wanki juyawa ba ƙara.
Kuskurena bai taɓa kai kaurin gashi ba.
Bara aka sayar da kamfanin,
aka liƙa takarda kusa da agogon shiga:
daga Afrilu, taron Talata da Turanci.

Malamata tana Cebu, Marivic sunanta.
Minti ashirin da biyar kowane dare,
zakaran maƙwabtanta na cara ko da goma ta wuce.
Ta ce, Malam Kuwabara, ɗaga harshe ya taɓa dasashi.
Na ɗaga.
Haruffa biyu ne da kunnena ya rantse ɗaya ne.
Na nufi in ce daidai, bakina ya ce haske.
Chisato, 'yata, ta toshe baki a ɗakin kusa,
amma bangon takarda ba ya rufa wa kowa asiri.

Na haddace wa'adi, na haddace kasafi,
rangwame, ajanda, ribar wata uku.
Na jera su a kai kamar kayan aiki a akwati,
kowanne da gurbinsa.

Talata ta zo.
Wouter ya bayyana a allo daga Rotterdam, ba taye,
yana son dubu arba'in kafin ƙarshen wata.
Na ja iska ta tsakanin haƙora,
na karkata kai, na ce da Turancina mai sanɗa:
zai yi wuya.
Duk wanda ke ɗakin ya ji an rufe ƙofa an sa sakata.
Shi kuwa ya washe baki:
madalla, wuya ce kawai,
me za mu yi ta zo da sauƙi?

Da dare Marivic ta ce, ai a'a za ka ce.
Haruffa biyu rak.
Mahaifina ya yi tamanin da ɗaya a duniya
ban ji ta fito daga bakinsa ba.
In zai ƙi abu, sai ya ƙara wa baƙo shayi
ya yi zancen ruwan sama.

Na faɗe ta a bahon wanka, tururi ya haɗiye.
Na faɗa wa madubi.
Na faɗa wa injin sayar da kofi a tasha,
ya ba ni canjina bai ji haushi ba.

Wata Talatar, gumi a tafin hannu,
na ce: A'a.
Dubu ashirin da biyar, sha takwas ga watan gobe.
Nagase, yaron da na koya wa awo, ya kafe tebur da ido.
Na jira sama ta faɗo.
Wouter ya rubuta, ya ce na gode,
ya wuce batu na huɗu.

Saura kati guda da ban cike ba.
A bayansa na rubuta abin da muke ce wa juna
in an kashe fitilun ma'aikata:
sannu da gajiya.
Na bincika littafin tun daga bango har bango,
na tambayi Marivic, ta yi shiru, zakara ya yi cara.
Gabansa fari fat har yau.
Yana nan a zoben, tsakanin rasit da riba,
jirgi na jijjiga, ina juya shi.