Takardar Tantabaru

A meri, ma'aikaci ya leƙo ta saman tabarau:
"Kiyari, guda nawa kake kiwo?"
Na ce, da asuba arba'in da bakwai,
kafin azahar shaho ya karɓi patantinsa,
biyu kuma sun bi wani namiji zuwa Zengo.

"Mazauninsu fa?"
Fasassun tukwane a bayan ɗakina,
sai duwatsun Birni in rana ta yi sanyi.

Bai yi dariya ba.
Ya ce in kawo shaidar likitan dabbobi,
hoto biyu, jika uku,
in dawo Talata.

Hoton wa? Ban tambaya ba.

Yau ga takardar a jikin bango, da shuɗin hatimi.
Farar nan mai ɗingishi
ta riga ta sa mata hannu.